KOWACE SANA'A DA UNGUWARTA: TARIHIN KASUWANNIN BIRNIN TOKIYO

 

A wannan karon ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, babu Alhaji babu amarya, tarihi ne zalla na wasu kasuwanni da ke ƙasar Japan. Kada ki ce ina ruwanki da Japan, domin da wuya a sami ɗakin da babu kayansu a ciki. In ba rediyo ba agogon bango, in ba agogo ba keken ɗinki, in kuwa duk babu, to ai kin taɓa barbaɗa Ajinomoto a miya, ko kin shiga Toyota zuwa gidan biki. Mun san kayansu sarai, amma ba mu san yadda suke zaman kasuwa ba, alhali a nan darasin yake.

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu masu 'yar sana'a a cikin gida. Idan kina sayar da abu, sai maƙwabciyarki ta tashi ta fara sayar da irinsa, shin arziki ne ya shigo layinku ko tsiya? Yawancinmu dai ji muke kamar kishiya aka yi mana, daga nan gaisuwa ta yanke, a hana yara shiga gidan juna. To ni a birnin Tokiyo na ga inda masu sana'a iri ɗaya suka jeru ƙofa da ƙofa fiye da shekara 100, kuma kowa yana samun na rufin asiri. Na kuma sami labarin wata baiwar Allah a garin, wadda mai irin sana'arta ya zo kusa da ita jarinta ya karye. Duka biyun zan kawo muku, sai mu auna tare.

Dalilin zuwana kuwa, maigida aka tura kwas daga wurin aikinsu ya tafi da ni, muka yi mako uku. Shi tun da sassafe yake fita sai dare, ni kuma zaman ɗaki ya gundure ni, na nemi izini ya ba ni, na riƙa fita ni kaɗai, ba ɗan rakiya ba tafinta, daga ni sai taswira da katin shiga jirgi. Abin da idona ya gani shi na haɗa da abin da na karanta na tarihin garin.

ASALIN GARIN

Sunan Tokiyo na farko Edo, ƙaramin gari ne a bakin teku, fadama ta kewaye shi. A 1590 wani babban mayaƙi mai suna Tokugawa Iyeyasu ya mayar da shi mazauninsa, a 1603 kuma ya zama shogun, wato sarkin yaƙin da ke riƙe da ragamar ƙasar baki ɗaya. Zuriyarsa suka yi ta gadon mulkin fiye da shekara 260, sai a 1868 aka sauya wa garin suna ya koma Tokiyo. Tun a ƙarni na 18 mutanen cikinsa sun kai kimanin miliyan 1.

Gari ba ya ginuwa sai da masu sana'a, don haka hukuma ta kirawo su daga ko'ina, ta yanka wa kowace sana'a unguwarta a gabashin fada. Maƙera daban, marina daban, kafintoci daban. Har yau sunayen suna nan a yankin Kanda, akwai Kajicho, ma'anarsa unguwar maƙera, akwai Konyacho, unguwar marina, kuma rinin nasu na shuni ne irin na karofin Ƙofar Mata. Ita kanta Ginza, unguwar manyan kantunan da masu kuɗi ke zuwa, ta samo sunanta ne daga gidan buga kuɗin azurfa da aka ajiye a wurin a 1612. Duk wadda ta san birnin Kano ba za ta yi mamakin wannan ba, mu ma muna da Soron Ɗinki da Dukawa, ga Kasuwar Kurmi da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, inda kowane kaya yake da layinsa.

Amma fa Tokiyo ta sha wuta irin wadda ba a fata. Gidajensu na da na katako ne da takarda, kuma a cunkushe. A 1657 gobara ta cinye fiye da rabin garin, dubun dubatar mutane suka halaka. Ranar 1 ga Satumba 1923, saura minti biyu 12 na rana ta cika, daidai lokacin da mata suka hura wutar girkin rana, sai ƙasa ta girgiza, murahu suka kife, wuta ta tashi ta ko'ina, fiye da mutum 100,000 suka rasu. Sannan a daren 10 ga Maris 1945, ana gab da gama Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen Amurka suka yi wa unguwannin talakawa ruwan bama-baman wuta, kimanin mutum 100,000 suka tafi a dare ɗaya. Ki riƙe waɗannan shekaru biyu, 1923 da 1945, don duk kasuwar da zan ambata sai kin ji ɗayansu a tarihinta.

ME YA SA BA A TAYI?

Abu na farko da zai ba Bahaushiya mamaki a shagunansu shi ne babu tayi, babu albarka babu sallama. Kuɗin kaya a rubuce yake a jikinsa, ki ɗauka ki biya ko ki ajiye musu kayansu. Wannan ma yana da tarihi, kuma mace ce a gindinsa.

A garin Matsusaka an yi wata mata mai suna Shuho. Mijinta ɗan gidan mayaƙa ne da ya koma kasuwanci, amma hankalinsa ba ya kan shago, sai ita ta riƙe komai, tana sayar da kayan masarufi tana kuma karɓar jingina. An san ta da tattali da iya tarbar mai saye. A hannunta ɗanta Mitsui Takatoshi ya taso, kuma a 1673 ya buɗe shagon yadi mai suna Echigoya a unguwar Nihonbashi da ke Edo.

A zamanin nan manyan masu sayar da yadi kamar dillalanmu suke yi, su ɗauki kaya su bi gidajen masu hali, su bayar bashi, sau biyu a shekara ake zuwa karɓar kuɗi. Tunda kuwa wani zai biya wani ba zai biya ba, sai su ɗora asarar a kan farashi, kuma fuskar mutum ake kallo a yanka masa kuɗi. Ga shi ba a yanka turmi, sai dai ki saya dungurungum. Shi kuwa Takatoshi sai ya fito da sabon tsari, mai saye ya zo shago da ƙafarsa, kuɗi hannu, farashi ɗaya ga kowa, kuma ko ɗan ƙyallen da za ki yi wa jaririya hula kike so za a yanka miki. Abokan sana'arsa suka tsane shi, suka yi ta yi masa zagon ƙasa, amma jama'a suka yi ta tururuwa shagonsa. Wannan shagon ne ya zama babban kantin Mitsukoshi, wanda har yau yana nan a Nihonbashi. Ke da kike da littafin bashi a ƙarƙashin katifa, wanda rabin sunayen cikinsa kin fid da rai, ai kin gane abin da bawan Allahn nan ya guje wa.

YADDA NA RIƘA ZAGAWA

Kafin mu shiga kasuwannin bari in faɗi yadda mace za ta kai kanta, don na san wata za ta ce ita ko Sabon Gari ba ta iya shiga ita kaɗai. Akwai layin jirgin ƙasa da ake kira Yamanote, mai koriyar alama, wanda ya zagaye tsakiyar gari kamar awarwaro a hannu. Tun 1925 aka haɗe bakinsa, tashoshinsa 30, kuma cikin kamar awa 1 yake dawowa inda ya tashi. Nippori da Ueno da Okachimachi da Akihabara da Kanda duk a gefensa na gabas suke, wato ɓangaren da masu sana'a suka zauna tun asali. Sunan kowace tasha a rubuce yake da boko, ga kuma lamba a jikinsa.

Yawancin titunan garin ba su da suna, unguwa da rukunin gidaje ake ba lamba, saboda haka neman shago ɗaya tilo aiki ne. Amma neman unguwar sana'a ba wuya, kina kusantarta kayan da kansu za su nuna miki hanya, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwar suna buga taswira su raba kyauta. In kin rikice akwai ƙananan ofisoshin 'yan sanda da suke kira koban a bakin tashoshi, kwatance yana cikin aikinsu, matambayi kuwa ba ya ɓata. Ki fita da hantsi, don shaguna sai wajen ƙarfe 10 suke buɗewa, kafin magariba da yawa sun rufe, ranar Lahadi kuma da damansu hutu suke.

NIPPORI, UNGUWAR 'YAN YADI

Da Nippori na fara, don mace da yadi sai Allah. Ki ɗauka kasuwar Kantin Kwari ce aka miƙar da ita a kan titi ɗaya mai tsawon kamar kilomita 1, shaguna wajen 90, babu turereniya babu hayaniya. Asalinta kuwa ba na masu kuɗi ba ne. Masu sayen tsummokara ne da guntayen ƙyallen da suka rage a wurin maɗinka, waɗanda da a yankin Asakusa suke zaune. Jim kaɗan bayan 1912 suka taso a ƙungiyance suka dawo Nippori, lokacin tana bayan gari. Bayan girgizar ƙasar 1923 aka sake yanka titunan wurin, kasuwar ta ƙara zama da gindinta. Da aka gama yaƙi a 1945 sutura ta yi wuya, sai suka shiga sayar da gwanjon Amurka da ragowar kayan sojojin da suka mamaye ƙasar. Daga tsumma aka koma gwanjo, daga gwanjo aka koma sabon yadi, sannu ba ta hana zuwa.

Abin da na lura da shi, duk da sunan 'yan yadi ne gaba ɗaya, ba abu ɗaya suke sayarwa ba. Wannan auduga ce a shagonsa, wancan fata, wani maɓallai kawai, wani zare da zif da leshin baki, wani kuma yadi mai ƙyalƙyali na masu wasa da biki. Da mita suke awo. Ki ɗauki sandar yadin da ya yi miki ki kai teburin yanka, ki nuna adadi da yatsa, a yanka a linke miki tsaf. Kuma har yau guntayen ƙyalle suna nan a kwanduna bakin ƙofa da ɗan kuɗi kaɗan, ba su raina asalinsu ba.

Suna da wata kalma, mottainai, wadda suke faɗa in sun ga za a yi asarar abin da ke da sauran amfani. Matan karkarar arewacin ƙasar, inda sanyi ya hana auduga fitowa, sun riƙa yi wa tufafinsu faci kan faci da farin zare a kan shuɗin yadi. Wannan ɗinkin talauci, da ake kira sashiko, yau ado ne da ake koyo a aji, a kuma saya da tsada.

KAPPABASHI, UNGUWAR KAYAN KICIN

Tsakanin Ueno da Asakusa akwai wani titi mai tsawon kamar mita 800, shaguna wajen 170, alamarsa wani ƙaton kan kuku ne da farar hula da gashin baki a saman bene. Wallahi uwar amarya in ta shiga nan sai ta rasa ta inda za ta fara. Tukwane, kasko, ludayi, tangaran, gwangwanin kek, wuƙaƙe, rigar kuku, labulen ƙofar gidan abinci, har kujeru da allon rubuta farashi. Duk wanda zai buɗe gidan abinci, a yini ɗaya zai haɗa kayansa bai bar titin ba.

Kada kalmar bashi da ke ƙarshen sunan ta tsorata ki, a harshensu gada take nufi. Kappa kuwa rigar ruwa ce. Kimanin shekara 200 da suka wuce wurin kwari ne da ruwa ke ci, sai wani mai sayar da rigunan ruwa, Kihachi, ya fitar da dukiyarsa don a haƙa magudana. To kuma suna da wata halitta ta tatsuniya mai zama a kogi, irin 'yan ruwan da ake tsorata yaranmu da su, ita ma kappa ake ce mata, sai labari ya bazu wai su ne suka riƙa fitowa da dare suna taya shi haƙa. Shi ya sa ko'ina kika duba a titin za ki ga hotonta.

Kasuwar kanta wajen 1912 ta fara, da 'yan tsirarun masu sayar da tsofaffin kayan aiki a bakin wannan magudanar. Bayan 1923 aka rufe magudanar ta zama titi, masu sayar da kayan yin alewa da kek suka taru. Wutar 1945 ta ƙone yankin, suka dawo suka sake gini, da gidajen abinci suka yawaita a gari sai kasuwar ta bi su.

Abu biyu ne suka fi jan baƙi. Na farko abincin roba, wanda gidajen abinci ke jerawa a gilashi don mai wucewa ya ga abin da ake dafawa. Kai, in ba taɓawa kika yi ba sai ki rantse yanzu aka sauke shi. Wani mutum mai suna Iwasaki Takizo ya kafa kamfanin yin sa a Osaka a 1932, da kakin kyandir ake yi a lokacin, daga baya aka koma roba. Na biyu wuƙaƙe. A 1876 gwamnati ta hana yawo da takobi, maƙeran takubba da yawa suka juya fasaharsu zuwa wuƙar kicin da kayan noma. Sana'ar ta mutu, amma hannun da ya iya bai mutu ba. Akwai wuƙar kifi daban, ta ganye daban, kuma shaguna da dama suna zana sunan mai saye a jikin ƙarfen.

A nan ne na ga abin da ya tsaya mini a rai. Ina neman wani ɗan turmin tangaran mai zane-zane a ciki da suke niƙa riɗi da shi, don mutane ne masu cin riɗi, kuma Najeriya tana cikin manyan ƙasashen da suke saye a wurinsu. Na shiga wani shagon tukwane na nuna wa tsohuwar da ke ciki hoto. Ta girgiza kai, sannan ta karɓi taswirata ta zagaye wani shago da biro, ta rako ni har ƙofa tana nuna mini tsallaken titi. Ba ta ci sisina ba, amma ba ta bari na fita daga titinsu hannu rabbana ba.

JIMBOCHO, UNGUWAR LITTATTAFAI

Ni da nake rubutu kun san ba zan bar garin ban je nan ba. Jimbocho tana yamma da Kanda. A shekarun 1880 aka buɗe makarantun koyon shari'a a kewayenta, waɗanda suka zama jami'o'in Meiji da Chuo da Senshu da Nihon. Ɗalibi kuwa ko'ina ɗalibi ne, in ya gama da littafi ya sayar, na bayansa ya saya da araha, ta haka shagunan tsofaffin littattafai suka tsiro. Yau sun haura 100, kuma yawancin na babban titin a hannu ɗaya suka jeru suna fuskantar arewa, don kada rana ta dafa musu takarda.

A 1913 gobara ta cinye unguwar. A wannan shekarar wani malamin makarantar 'yan mata, Iwanami Shigeo, ya ajiye koyarwa ya buɗe shagon tsofaffin littattafai a wurin, shi ma da farashi ɗaya babu tayi. A 1914 ya fitar da littafin Kokoro na shahararren marubucinsu Natsume Soseki, kuma marubucin ne ya ɗauki nauyin bugun, kamar dai yadda mu ma muke kai namu wurin ɗab'i da kuɗinmu. Girgizar ƙasar 1923 ta sake ƙone unguwar, aka sake tashi. A 1927 Iwanami ya fara buga manyan littattafai a ƙaramin jiki mai shiga aljihu, da kuɗin da talaka zai iya saye, kuma har yau ana buga su. Tun 1960 kuma, duk ƙarshen Oktoba sukan yi bikin littattafai, a jera su a bakin titi.

Nan ma kowa da fanninsa. Wani tsofaffin taswirori, wani littattafan shari'a, wani na fim, har akwai wanda ya keɓe wa littattafan kyanwa wuri. Suna da ƙungiya, suna da zauren da suke haɗuwa su yi gwanjo a tsakaninsu, kowa ya rubuta tayinsa ya sa a ambulan. Saboda haka in aka kawo wa mai littattafan shari'a littafin girki, ba zai bar shi ya yi ƙura ba, can zai kai shi, wanda ya san darajarsa ya saya.

AKIHABARA

Wannan kun fi jin sunanta, ita ce unguwar kayan lantarki. Ita ma gobara ce mafarinta, wajen 1870 aka share fili a wurin don ya riƙa tare wuta. Bayan 1945 'yan tebur suka cika bakin titunan yankin suna sayar da kayan haɗa rediyo, ɗaliban wata makarantar lantarki da ke kusa suna saye suna haɗawa. A 1949 hukumar mamaya ta ba da umarnin a tashi 'yan tebur daga titi. Maimakon kowa ya kama gabansa, sai suka koma tare ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, a 'yan rumfunan da da ƙyar mutum ɗaya yake juyawa. Daga rediyo aka koma talabijin da firji da injin wanki a shekarun 1950, a shekarun 1990 aka koma kwamfuta, daga baya wasannin kwamfuta da kayan zanen katun suka mamaye. In za ki sayi abin wuta a can ki tambayi wanda aka yi don ƙasashen waje, domin ƙarfin wutarsu bai kai rabin tamu ba.

WADDA SANA'ARTA TA KARYE

Yanzu ga ɗaya ɓangaren da na yi muku alkawari. Arewa da Kappabashi, ba nisa, akwai unguwar Ryusen, a nan gidan tarihin Higuchi Ichiyo yake. An haife ta a 1872. Tana da ƙwaƙwalwa, amma tana shekara 11 aka cire ta daga makaranta, don mahaifiyarta tana ganin karatun ya ishi 'ya mace. Mahaifinta ya rasu a 1889 ya bar su da bashi, ita da uwarta da ƙanwarta suka koma ɗinki da wankau. A 1893 suka buɗe ɗan shago a wannan unguwar, suna sayar da tarkacen amfanin gida da alewar yara. Da farko abin ya fara tafiya, sai a farkon 1894 wani mai irin kayansu ya buɗe kusa da su, ciniki ya ja baya, watan Mayu suka rufe.

Allah Sarki, ashe rabonta yana wani wurin. Yaran da suka riƙa zuwa sayen alewa su ta duba ta rubuta labarinta mai suna Takekurabe, wanda har yau ake karantawa. Tarin fuka ya kashe ta a 1896 tana shekara 24. Matar da ta rayu cikin bashi, a 2004 aka sa hotonta a takardar yen 5,000, ya zauna har 2024 da aka fito da sabuwa mai hoton Tsuda Umeko, wata mata da ta kafa makarantar mata.

TO MENE NE BAMBANCIN?

Me ya sa shago biyu suka gagara zama a unguwar Ichiyo, alhali 170 sun zauna a Kappabashi? A nawa ganin amsar a fili take. Ichiyo da maƙwabcinta alewa ɗaya suke sayarwa ga yaran unguwa ɗaya, abin da wannan ya samu daga bakin wancan aka cire. Su kuwa 'yan Kappabashi da Nippori da Jimbocho, taruwarsu ce take kirawo mai saye daga nesa, don ya san in ya zo ba zai koma hannu biyu ba, sannan kowannensu ya kama fanni ɗaya ya ƙware a kai. Mu ma ai mun san haka, shi ya sa ake tasowa daga Nijar da Cadi da Kamaru a zo Kwari sayen atamfa, a je Dawanau sayen hatsi.

Saboda haka 'yar'uwa, in maƙwabciyarki ta sayi keke irin naki, kafin ki ɗaure fuska ki je ku zauna. Ke ki kama zannuwan gado, ita ta kama labule, ta ukunku ta kama kayan jarirai, ku yanke farashi ɗaya, ku rage bayar da bashi, wadda aka kawo wa aikin da ba nata ba ta tura wa mai shi. Ba za a daɗe ba za ki ji ana kwatance da layinku, uwar amarya ta taso daga wata unguwa ta gama komai a wuri ɗaya. In kuwa ku biyar duk awara za ku soya wa yaran layi ɗaya, to dole wata ta kwana da kwantai.

Kuma ku tuna, duk kasuwannin nan da na lissafa babu wadda wuta ko yaƙi bai taɓa ba. Mu ma mun ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, mun san raɗaɗinta. Kaya suna ƙonewa, amma sunan wuri da amanar da ke tsakanin masu sana'a ba sa ƙonewa, kuma da su ake sake tashi. Mai zaman kansa shi kaɗai in ya faɗi ya faɗi ke nan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, ya tsare kasuwanninmu daga gobara, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.

Taku har kullum.